Shawara ga masu doguwar tafiya a keke

Salam yan uwa, wanda zai ɗau hanya mai nisa a keke lokacin hunturu ya fara duba inda iska take kaɗawa tukuna. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, to in ka tashi daga Kano zuwa Daura ta Kazaure da ita za ka yi ta kokawa a fuska, amma a dawowa ita ce za ta riƙa tura ka.

Ni dai bana son titin da tireloli suka yi yawa, gara in zaga ta ƙauyuka ko da burji ne, sai dai fa ƙaya, wallahi rana ɗaya na taɓa yin faci uku. Ka riƙe famfo da kayan faci, ka fita bayan asuba, kuma duk garin da ka tsaya ka tambayi direbobin tasha lafiyar hanyar gaba kafin ka wuce.