In manhaja ta ce babu fayil alhali ga shi nan

Za ka sauko da manhajar Python daga GitHub, shafin da ake ajiye kod, a wajen mai ita tana aiki sumul, a kwamfutarka kuma sai ta ce wai fayil babu, kai kuma ga shi kana kallo. Kar ka fara taɓa kod tukuna, sa print(repr(hanya)), hanya ita ce adireshin fayil ɗin a kwamfuta, ka ga ainihin inda take lalube. repr ɗin nan na da amfani sosai, don in wani ya rubuta "C:\new" a Python to \n ɗin ya riga ya zama sabon layi, da ido ba za ka gane ba.

Yawanci laifin na wanda ya haɗa hanya da hannu ne, jaka + "\\" + suna, a Windows lafiya lau, a Linux ta watse. Goge shi ka sa pathlib, kayan aikin Python na haɗa hanya, tun Python 3.4 yake nan: Path(jaka) / suna. Amma fa a kula, in sunan ya fara da / to jakar farko ta tafi kenan, Path("/home/aiki") / "/hoto.png" zai ba ka /hoto.png kawai, kuma os.path.join ma haka yake yi. Sai batun manya da ƙananan baƙaƙe, Hoto.png da hoto.png fayil biyu ne a Linux, ɗaya a Windows.

Ni dai gwajin da na fi so shi ne in buɗe jaka in sa mata suna 'yan ƙwallo, in jefa fayil ciki. Suna ɗaya amma tarko uku, ga waƙafin sama, ga tazara, ga ƙ mai lanƙwasa, kuma wallahi manhajoji da yawa a nan suke faɗuwa, musamman masu kiran subprocess (mai kunna wata manhaja daga cikin Python) da shell=True, don shell, mai karanta umarni, na ganin waƙafin nan sai ya ɗauka an buɗe zance, da bai ga an rufe ba sai ya ba da kuskure. Cire shell=True, ka miƙa umarnin a jere: ["cp", str(asali), str(sabo)].

In manhajar na karɓar suna daga waje kamar zip ko fom, yi resolve() ka fito da cikakkiyar hanyar, sannan is_relative_to() ka tabbatar tana cikin jakarka, kar wani ya turo ../../ ya fice daga jakar.

Da ya gyaru, rubuta ƙaramin gwaji da tmp_path na pytest (jakar wucin gadi da manhajar gwajin kod ke ba ka) wanda ke faɗuwa a tsohon kod, ka haɗa da gyaran ka tura PR, wato roƙon masu manhajar su karɓi gyaranka, ka faɗa musu Windows ne ko Linux ka gwada.