Idan abokin cinikinka ya gayyace ka Kesariyaji: yadda ake shiga haikalin da Hindu da Jain ke tarayya a kai

'Yan'uwanmu mazauna Jidda da Makka da ke zuwa birnin Surat na Indiya sarin yadi, ko birnin Ahmedabad kai majinyaci, sun san cewa in hulɗa ta yi nisa da Ba'indiye, wata rana zai ce ka raka shi wurin ibadarsu. Zuwa ko ƙin zuwa shawararka ce, kuma in zuciyarka ba ta kwanta ba, ka tambayi malaminka tun kana gida. Amma in ka amsa, ka je da sanin ƙa'ida.

Haikalin Kesariyaji yana ƙaramin garin Rishabhdeo, wanda ake kuma kira Dhulev, a jihar Rajasthan, kimanin kilomita 65 kudu da Udaipur, a kan babban titin Ahmedabad. Gunkin da ke ciki na baƙin dutse ne, a zaune ya tanƙwashe ƙafa. A wurin mabiya Jain, wani tsohon addini na Indiya, shi ne Rishabhanatha, na farko cikin manyan jagorori 24 da suke kira Tirthankara. Hindu da yawa suna ɗaukarsa a matsayin ɗaya daga cikin siffofin da Vishnu, wani babban abin bautarsu, ya bayyana da su, 'yan ƙabilar Bhil na yankin kuma Kalaji suke ce masa. Za'afaran ake shafa masa, da yawa kuwa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka bi dokar Jain, don ta fi tsauri. Wanda ya kiyaye ta ba zai saɓa wa Hindu ba.

Ka fara binciken jikinka tun a masauki. Cire takalmi kowa ya sani, amma inda mutanenmu ke tuntuɓe shi ne fata: bel, walat, madaurin agogo, gidan waya, jakar hannun hajiya, har da layar da aka ɗinke da fata. Duk a bar su a mota. Tushen addinin Jain shi ne kada a cutar da mai rai ko da ƙwaro ne, saboda haka shiga da fata ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu. A zazzage jaka kuma, kada ragowar kilishi ko dambun nama ya bi ka. Ba a shiga da abinci, ba a tauna goro ko cingam. In sauro ya sauka a hannunka, kaɗe shi, kada ka tafa.

Tufafinmu sun wadatar: jallabiya ko kaftani ga namiji, abaya ga mace. Sukan buƙaci mace mai al'ada ta dakata a waje, gara a faɗa wa iyali tun kafin a kama hanya.

Da safe ake wanke gunkin a shafa za'afaran, lokacin ne cunkoso. Baƙo ya fi samun sarari bayan an lafa. Daga Oktoba zuwa Fabrairu ne lokaci mai daɗi. A Afrilu da Mayu daɓen dutse na ƙona tafin ƙafa da rana tsaka. Wajen Maris akwai babban bikin haihuwar Rishabhanatha, garin yakan cika maƙil.

A ciki, ka tsaya a farfajiya. Ɗakin gunkin na waɗanda suka yi wanka suka sa tufafin ibada ne, za ka ga wasu sun ɗaure baki da ƙyalle don kada numfashinsu ya taɓa shi. In za ka zaga, ka bi yadda hannun agogo ke tafiya, ɗakin yana damarka. Kada ka zauna ka miƙe ƙafa wajensa, kada ka ɗauki hoto sai ka nemi izini.

Ga abin da ya fi damun Musulmi. Ba wanda zai tilasta maka rusuna. In an miƙo za'afaran za a ɗiga maka a goshi, ko Bahindu ya ba ka ɗan zaƙin da aka miƙa wa gunki, wanda suke kira prasad, ka dafa ƙirji da hannun dama ka yi godiya, ka ja baya kaɗan. Mafi kyau ka gaya wa mai masaukinka tun a mota, shi zai yi musu bayani a madadinka da harshensu. Kada ka karɓa sannan ka yar. Wannan ya fi ƙin karɓa zafi. Sallarka kuma ka yi ta a masauki ko a hanya, ba a harabar ba. Agogon Indiya yana gaban na Saudiyya da awa biyu da rabi, alƙibla kuma tana yamma.

Tambaya ɗaya ce ba a yi: "To, haikalin na su wane ne?" An daɗe ana shari'a a kai. A 2007 Kotun Ƙolin Indiya ta yanke cewa na Jain ne, kuma tarzoma ta biyo baya a garin. Su kansu Jain ɗin ɓangare biyu ne, Shwetambar da Digambar, kowa da yadda yake ibadarsa a wurin. Ka tambayi tarihin gini da sassaƙa, za a ba ka amsa da murna.

In kai za ka sayi abincin rana bayan an fito, ka tuna Bajain ba ya cin nama, kifi, ƙwai ko zuma, kuma masu riƙo sosai ba sa cin abin da ake tonowa a ƙasa, irin albasa, tafarnuwa, dankali da karas. Da yawansu ba sa ci bayan faɗuwar rana, don haka kada ka ja hira har magariba. A gidajen abinci na jihohin Gujarat da Rajasthan, in ka ce abincin Jain kake so, sun gane. Dabinon Madina tsaraba ce mai kyau, amma zalla, ba wanda aka jiƙa da zuma ba.