Darasi: Shuka Sabon Filin Ciyawa da Kaka

A ƙasashen da hunturu ke zuwa da sanyi mai daskarar da ruwa, kaka ce lokacin shuka ciyawar ado, wato irin wadda ake shimfiɗawa a harabar gida ko filin wasa. A arewacin duniya, daga ƙarshen Agusta ke nan zuwa farkon Oktoba. A lokacin ƙasa tana riƙe da ɗumin watannin zafi, iska ta yi sanyi, ruwan sama ya ƙaru, ciyayin banza kuma sun fara mutuwa. Irin yana tsira da kyau idan ɗumin ƙasa yana tsakanin digiri 10 da 18 a ma'aunin Salsiyas.

A bar aƙalla mako shida tsakanin ranar shuka da ranar da raɓa ke fara daskarewa a yankin. Idan aka makara, tsiron zai shiga hunturu da gajeriyar saiwa, sanyi ya halaka shi.

Gyaran ƙasa

Nan aikin yake. Filaye da dama da suka lalace, tun daga nan aka kuskure.

A cire tsohuwar ciyawa har saiwarta, musamman mai yaɗo a ƙarƙashin ƙasa, domin guntun saiwa ɗaya da aka bari zai sake tohowa. A haƙa zurfin santimita 15 zuwa 20, a farfasa dunƙulen ƙasa, a tsince duwatsu. Idan ƙasar yumɓu ce mai riƙe ruwa, ko rairayi ne da ba ya riƙe komai, a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki kam a'a, yana ɗauke da irin ciyayi. Wanda ke da halin gwajin ƙasa ya yi: ciyawa tana son ma'aunin tsamin ƙasa, wanda ake kira pH, ya kasance tsakanin 6 da 7. In ya gaza 6, wato ƙasar ta yi tsami da yawa, akan zuba farar ƙasa ta noma.

Daga nan a ƙyale filin kamar mako biyu. Ƙasa za ta zauna, ciyayin da ke ɓoye za su leƙo, sai a share su da fartanya sama-sama. Sannan a tattake filin da dunduniya, taku kusa da taku, a bi da manjagara, a sake tattakewa ta ɗaya ɓangaren. Ga gwajin: a taka ƙasar. Idan sawun takalmi ya fito amma ƙafa ba ta nutse ba, ta yi. Kada a yi wannan aikin ƙasa na jiƙe sharkaf, za ta dunƙule kamar bulo. Duk kwarin da aka bari, nan ruwa zai kwanta ya ruɓar da iri.

Shukar

Gram 25 zuwa 35 na iri sun isa murabba'in mita ɗaya, sai dai in an rubuta wani adadi a jikin buhun. A raba irin kashi biyu. A watsa rabi ana tafiya a tsawon fili, ɗaya rabin ana tafiya a faɗinsa, don kada a bar sanƙo. A zaɓi ranar da babu iska. Mutane kan ɗauka yawan iri shi ne cikar fili. Ba haka ba ne: tsiro ya cunkushe, iska ba ta ratsa shi, funfuna ta kama gindinsa ya kwanta ya mutu.

A ja manjagara a hankali, ƙasar da za ta rufe irin kada ta wuce rabin santimita. Ba laifi in ana hango wasu ƙwayoyin. A danne da faffaɗan katako domin iri ya manne da ƙasa. Inda tsuntsaye suka yi yawa, a shimfiɗa raga.

Ban ruwa da yanka

Irin da ya fara tsagewa, in ya bushe sau ɗaya, ya mutu ke nan. Saboda haka in ba a yi ruwan sama ba, a yayyafa ruwa sau ɗaya ko biyu a rana, yayyafi mai laushi. Ruwa mai ƙarfi yana kwashe iri ya tara shi wuri guda. Ciyawar ado nau'i-nau'i ce, kowanne da lokacin tsirarsa: nau'in da ake kira raigiras yana fitowa cikin kwana 5 zuwa 10, feskiyu mako ɗaya zuwa biyu, bulugiras kuwa yakan kai kwana 30, don haka kada a yi saurin cewa iri bai yi ba. Bayan tsiro ya kama, a rage yawan ban ruwa, amma a riƙa ƙosar da ƙasa, saiwa ta bi danshi zuwa ƙasa.

Ganyen bishiya da ke zuba da kaka yana tare wa tsiro haske. A kwashe shi a hankali. Yankan farko sai ciyawa ta kai santimita 7 zuwa 8, ranar da take bushe, da inji mai kaifi, kuma kashi ɗaya cikin uku na tsawonta kawai za a cire. Dakusasshen inji fizge ta yake yi daga saiwa. Maganin kashe ciyayi kuwa a jinkirta shi har sai an yi yanka uku ko huɗu.

Aikin aji

Fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 6, idan za a zuba gram 30 a kowane murabba'in mita, iri nawa za a saya? Nawa za a watsa a zagayen farko?