Yadda Ake Yi wa Ɗan Majalisa Kiranye

Da yawa daga cikin mutanen Kaduna sun ɗauka cewa idan wakili ya shige Lugard Hall, mazaunin majalisar dokokin jiha, ko ya tare a Abuja, babu abin da ya rage wa talaka sai haƙuri har shekara huɗu ta cika. Kundin tsarin mulkin 1999 bai ce haka ba. Sashe na 69 ya ba masu zaɓe ikon yi wa sanata ko ɗan majalisar wakilai kiranye, sashe na 110 kuma ya ba su irin wannan iko a kan ɗan majalisar dokokin jiha. Ke nan sanatocinmu 3 da 'yan majalisar wakilai 16 da na jiha 34 duk abin ya shafe su. Gwamna da shugaban ƙasa ba sa ciki, domin su majalisa ce ke tsige su.

Kafin a rubuta ko da harafi ɗaya, a fara sanin adadin masu rajistar zaɓe a mazaɓar, ko Kawo ce, ko Makera, ko Tudun Wada. Doka na buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajista, ba rabin waɗanda suka fito ranar zaɓe ba, kuma a nan ne mafi yawan masu niyya ke tuntuɓe, tun da a cikin rajistar akwai wanda ya ƙaura, da wanda ya rasu, da wanda bai taɓa karɓar katinsa ba.

Daga nan sai a rubuta takardar koke zuwa ga shugaban hukumar zaɓe ta INEC, a bayyana cewa jama'ar mazaɓar sun yanke ƙauna daga wakilinsu. Ba sai an tabbatar da wani laifi a kansa ba. Rashin amincewa kaɗai ya wadatar. Wakilan masu koken su sanya cikakken adireshi da lambar waya.

Tattara sa hannu shi ne ainihin aikin, kuma a ganina bai kamata a damƙa shi ga 'yan kwangilar siyasa ba. A bi rumfa-rumfa. Kowace rumfar zaɓe ta samu nata shafi da amintaccen ɗan unguwa da zai riƙe shi, mutum ya zo da katinsa a hannu, a kwafi sunansa da lambar katin daidai yadda suke, sannan ya sa hannu ko ya dangwala yatsa da kansa. Kada miji ya dangwala wa matarsa, kada a cike wa wanda ya yi tafiya. A kuma gaya wa kowa tun ranar cewa za a sake nemansa, domin hukumar za ta zo rumfarsa ta tantance ko da gaske shi ne ya sa hannu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya faru a jihar Kogi ya isa darasi. A 2017 an kai wa INEC sa hannu sama da 180,000 kan Sanata Dino Melaye, amma ranar tantancewa a 2018 waɗanda aka tabbatar ba su kai kashi 6 cikin 100 na masu rajista ba. A 2025 kuma koken da aka kai kan Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan bai ma kai matakin tantancewa ba, domin hukumar ta ce sa hannun bai kai rabi ba.

Idan koken ya ci nasara a tantancewa, hukumar za ta shirya ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90 da karɓar koken, inda kowa zai zaɓi e ko a'a. In rinjayen masu rajista ya amince, za a aika wa shugaban majalisar takardar shaidar kiranye, kujerar ta zama babu kowa, sannan a sanya ranar zaɓen cike gurbi.