Haɗa ƙaramin amfilifaya na makirufo da TL072

Siginar ƙaramin makirufo irin na electret 'yan milivolt ce kawai, sai an ninka ta kusan sau ɗari kafin ta yi amfani. TL072 guda, wato cip mai ƙafa takwas da ke ɗauke da amfilifaya biyu a ciki, da batir mai 9V sun isa.

Fara da makirufon. Ƙafar da ta haɗu da gwangwanin jikinsa ita ce negatif. Ɗayar kuma a ja mata wuta daga 9V ta cikin resista 10k, domin akwai ɗan transista a ciki da ba ya aiki sai da wuta. Daga wannan mahaɗar a kai kafasita 1µF zuwa ƙafa ta 3 ta cip ɗin. A sa mara fuska, wato wadda ba ta da + da −, saboda wutar ɓangarorin biyu tana kusa da juna.

Ƙafa ta 8 ta tafi 9V, ta 4 negatif, da kafasita 100nF tsakaninsu dab da cip ɗin. Resista 100k biyu, ɗaya daga ƙafa ta 3 zuwa 9V, ɗaya zuwa negatif, za su tsayar da ita a 4.5V. In babu su, rabin sautin zai yanke.

Ƙarfin ninki daga resista biyu yake fitowa: 100k tsakanin ƙafa ta 1 da ta 2, sai 1k daga ta 2 zuwa negatif ta cikin kafasita 10µF. Ninki 101 ke nan, wajen 40dB. Wannan kafasitar ita aka fi mantawa. In ka cire ta ka kai 1k ɗin negatif kai tsaye, cip ɗin zai ninka har da 4.5V ɗin, fitarwa (ƙafa ta 1) ta manne a sama, shiru kake ji. Sautin a ɗauke shi daga ƙafa ta 1 ta wata 10µF, fuskarta mai + tana kallon cip.

Rabin cip ɗin da ba a amfani da shi, haɗa ƙafa ta 6 da ta 7, ta 5 kuma a ba ta 4.5V.

Kafin ka yi magana a makirufon, ɗora mita kan ƙafa ta 1: ya kamata ta nuna kusan 4.5V. Ƙugi yawanci daga doguwar waya mara rufi ne, ko caja da aka sa maimakon batir. Murya in tana fashewa, mai da 100k ɗin ninki 47k. Wani cip ɗin, LM358, zai zauna daram a gurbin TL072, amma a wannan ninkin yana dushe sautin da ya haura 10kHz, ga shuuu ya fi yawa.