Kurakuran da ke lalata burodi tsakanin gidan gashi da firiza

Da yawan masu cewa mai gashin burodin unguwarsu a Yamai ya rage inganci, da hannunsu suke ɓata burodin kafin a kai ga ci. Baget, wato dogon siririn burodi irin na Faransa, na ƙananan gidajen gashi fulawa ce da ruwa da gishiri da yis. Babu mai a ciki, babu maganin hana lalacewa irin na burodin yanka-yanka da ke zuwa a leda. Shi ya sa daɗinsa na yini ɗaya ne. Babban dunƙulen burodi mai kaurin ɓawo yakan kai kwana 2 ko 3, musamman wanda aka yi da kullu mai tsami.

Ɓarnar tana farawa tun bakin tanderu. A karɓo burodi da zafinsa, a cusa shi cikin leda, a ɗaure baki, a rataya a babur. Tururin da ke fita daga cikinsa ba shi da hanya, sai ya koma ruwa ya jiƙa ɓawon. Kafin a isa gida ya yi laɓo-laɓo, yana jan haƙori. Da damina ma abin ya fi muni, domin danshin nan shi ne abincin fumfuna. Baget na bukatar kamar awa 1 kafin ya huce, babban dunƙule awa 2. Ku je da jakar yadi mai tsabta, ko ku nemi takardar da ba ta da rubutu. Tsohuwar jarida ba ta dace ba, tawadarta na kama ɓawon. In leda ce kawai a hannu, a bar bakinta a buɗe.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne saka burodi a firji. Haba jama'a! Zafin bazara ya haura digiri 40, sai a ɗauka duk abin da ya shiga sanyi ya tsira. Nama da nono haka ne, amma burodi ba haka ba. Sitacin fulawa da wuta ta tausasa yana komawa ya ƙanƙame sannu a hankali bayan gashi, kuma a sanyin firji, wajen digiri 4, ya fi saurin yin hakan. Burodin da ya kwana a firji yakan wayi gari yana marmashewa, ba ƙamshi, ya fi wanda ya kwana kan tebur tsufa. Sai kuma a tasa mai gashi gaba da ƙorafi, bawan Allah da ya kwana gaban wuta tun kafin asuba. Abu biyu ne kawai: wanda za a ci yau ko gobe a naɗe shi da yadi a ajiye a inuwa, wanda zai wuce haka ya tafi firiza. Firji ba ya cikin lissafi.

Firizar ma ana kuskure da ita. Mutane sai burodi ya kwana biyu ya fara tauri sannan su tuna da ita, alhali yadda ya shiga haka zai fito. A ranar da aka saye shi, da zarar ya huce, a yanka baget gida 3 ko 4 gwargwadon abin da ake ci a zama ɗaya, babban dunƙule kuma yanka-yanka mai kaurin yatsa. A sa a leda mai kauri, a matse iskar duka, a ɗaure, a ƙara leda ta biyu. Nan ne leda take da amfani. Wanda aka jefa tsirara yakan yi fari-fari ya bushe, ya kwashe ƙarnin kifin da ke kusa da shi. A digiri 18 ƙasa da sifiri ana iya kai shi wata 3, amma ni baget ba na barinsa ya wuce wata 1, kuma nakan rubuta kwanan wata a jikin ledar.

Ga kuma ɗaukewar wuta. Burodi ba shi da nauyi, shi ke fara narkewa. A ajiye shi can ƙasa tsakanin kwalaben ƙanƙara, nesa da murfi, kuma a hana yara buɗe firiza har wuta ta dawo. In ya narke gaba ɗaya, a fitar a cinye. Mayar da shi ya sake daskarewa yana sa ɓawon ya riƙa ɓarewa yana zuba.

Wajen fitarwa, baget ba ya bukatar jira: a cire leda, a ɗan yayyafa masa ruwa, a sa a tanderu mai zafin digiri 180 na minti 8 zuwa 10. Wanda ba shi da tanderu ya ɗora kasko busasshe a wuta kaɗan, ya rufe, yana juyawa. Dunƙule kuwa a bar shi ya narke cikin ledarsa tukuna, sannan a ɗumama. Sau ɗaya ake ɗumamawa, kuma a ci nan take, domin in ya sake hucewa ya fi yadda yake da farko tauri. Kada a shanya shi a rana.

Saura ƙanana. Kada a yanka dunƙule duka in ba firiza zai shiga ba. A yanki na ci, a kifa bakin yankan kan faranti. Da hunturu iska na busar da burodi cikin ƴan awoyi, sai a ninka yadin. In an ga fumfuna a gefe ɗaya, yanke wurin bai isa ba, saiwarta ta riga ta ratsa ciki, a zubar da shi duka. Mai son saye da yawa don firiza ya tambayi mai gashi lokacin da yake fitarwa, ya faɗa masa adadin kwana ɗaya kafin ranar saye, don kada a haɗa masa da kwantan jiya. Wanda ya bushe ba tare da fumfuna ba, a tsoma shi cikin ƙwai da madara a soya, ko a daka shi gari a ajiye a kwalba don suyar kifi.