Ɗan Aike Ba Ya Raba Gardama: Kurakuran da Ake Yi Wajen Haɗa Manhajojin Kamfani

Wata ranar Asabar mai kula da sito na wani kamfanin rarraba kayan masarufi ya kira ni a waya. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Injiniya, na'urar nan taku ta ce akwai madara katan 300. Ka zo da ƙafarka ka nuna mini inda suke." Na je. Dattijon ya buɗe mini ƙofa, ya koma gefe ya harɗe hannu. Abin da ke jibge a lungu bai kai katan 40 ba, ga motoci biyu a waje suna jiran lodi, don sashen ciniki ya riga ya karɓi kuɗin mutane.

Ba sata aka yi ba. Mako uku kafin nan muka haɗa manhajar ciniki da ta sito, ta yadda duk abin da aka sayar za a cire shi daga lissafin sito nan take. Ashe ta ciniki da katan take ƙirga madara, ta sito kuwa da gwangwani. In aka sayar da katan 50, saƙo ya tafi ɗauke da "50", sai sito ya cire gwangwani 50. Saƙon bai taɓa ɓata a hanya ba, bai taɓa makara ba, allon sa ido ma kore shar yake nunawa. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, laifinmu ne." Ya ce, "Da kun tambaye ni, ai da na gaya muku tun ranar farko."

Irin manhajar da ke zama tsakanin manhajojin kamfani tana kai saƙo daga wannan zuwa waccan, daga ciniki zuwa sito, daga sito zuwa akanta, daga banki zuwa littafin bashi, ita ake nufi da manhajar haɗi. Suna da yawa a kasuwa. Akwai tsofaffin hannu irin su IBM MQ da ta fito tun 1993 da BizTalk ta Microsoft, akwai MuleSoft wadda Salesforce ya saya a 2018 kan kusan dala biliyan 6.5, akwai Boomi, sannan ga na kyauta irin su Apache Camel da Kafka. Dukkansu 'yan aike ne. Abin da ka ba su shi za su kai, da sauri kuma ba gajiya. In sassan kamfaninka ba su daidaita kan ma'anar abin da ake aikawa ba, abin da ka saya da tsada shi ne saurin yaɗa kuskure.

Kalma ɗaya, ma'ana biyu

Wannan shi ne uban kurakurai, kuma bai bar manya ba. A watan Satumban 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja tana fitar da lissafin ƙarfin tura kumbon da ma'aunin fam, wadda ke karɓa kuwa ta ɗauka ma'aunin mitirik ne. Kamfanin Target ya shiga Kanada a 2013, ya tattara ya fita a 2015 bayan rufe shaguna 133, kuma cikin abubuwan da suka karya shi har da gurɓatattun bayanan kaya: an shigar da awo da inci inda ake son santimita, an sa tsawo a gurbin faɗi. Kaya suka cika rumbunan ajiya, kantocin cikin shago kuwa wayam.

Namu na yau da kullum ƙanana ne, amma su ke cin rai. Kamfanonin karɓar biyan kuɗi ta intanet irin su Paystack da kwabo suke ƙirgawa, don haka naira 5,000 za ta zo maka a matsayin 500000, kuma in manhajar akanta ta ɗauke ta yadda ta zo, an rubuta wa kwastoma rabin miliyan. Kwanan wata 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a manhajar da aka saita da tsarin Amurka 4 ga Maris ne. Lambar waya mai farawa da 080, ko lambar asusun banki mai farawa da sifili, tana bi ta Excel sau ɗaya sifilin ya faɗi, daga nan ba ta ƙara dacewa da komai. Agogon uwar garke, wato babbar kwamfutar da manhaja ke zaune a kanta, yakan bi lokacin duniya na UTC, mu kuma muna gaba da shi da awa ɗaya, sai cinikin da aka yi jim kaɗan bayan sha biyun dare ya koma lissafin jiya. Kamfanin da ke da reshe a Maraɗi ko Damagaram yana da ƙarin ciwon kai, don adadin da ba a liƙa masa alamar kuɗi ba, babu mai sanin naira ce ko sefa.

Gyaran ba ya farawa daga kwamfuta. A zaunar da mai sito, da akanta, da kashiya, da shugaban masu talla a teburi ɗaya, a bi gurbi bayan gurbi. Me ake nufi da "an sayar"? Lokacin da aka yanke rasit, ko lokacin da kuɗi suka shigo, ko lokacin da mota ta fita? Farashin da ke tafiya da harajin VAT a ciki ne ko babu? A rubuta amsoshin a takarda ɗaya, kowa ya sa hannu. Kowane adadi ya tafi da ma'auninsa, kowane kuɗi da alamarsa, NGN ko XOF, kwanan wata kuma a rubuta shi shekara, wata, rana kamar yadda ƙa'idar ISO 8601 ta tanada. Lambar waya da ta asusu a ajiye su a matsayin rubutu, tunda ba wanda zai tara su ko ya raba. Zaman yakan ci kwana biyu ko uku, ana kuma yin musu sosai. Musun nan shi ne ainihin aikin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wa ke da maganar ƙarshe?

Dila ɗaya zai iya zama mutum uku a kamfani: Muhammad a ciniki, Mohammed a akanta, Moh'd a littafin direbobi. Haɗa manhajojin ba zai mai da shi mutum ɗaya ba, sai ma ya ba shi asusun bashi uku. Mafi muni shi ne a buɗe hanya ta kowane ɓangare ba tare da an ce wa ke da iko ba. Akanta ya gyara adireshi da safe, da rana manhajar ciniki ta mayar da tsohon, gobe a sake. Na taɓa ganin manhajoji biyu sun kwana suna gyara wa juna gurbi ɗaya har gari ya waye.

Kowane bayani ya zama yana da gida ɗaya. Farashi daga manhaja kaza yake fitowa, yawan kaya daga ta sito, iyakar bashi daga akanta, saura karantawa kawai za su yi. A ba kowane kwastoma da kowane kaya lamba ɗaya da ba ta canzawa, a daina dogaro da suna. Kuma a share maimaici kafin a haɗa, don bayan an haɗa shara ta riga ta shiga kowane ɗaki.

Sai batun yadda ake jan wayoyin. Mutane kan fara da haɗa manhajoji kai tsaye, wannan da waccan, duk lokacin da buƙata ta taso. Lissafin ba ya yafiya: manhajoji 5 in kowace za ta yi magana da kowace, hanyoyi 10 ke nan, in sun kai 10, hanyoyi 45. Ranar da za a canza ɗaya, sai an bi duk wayoyin da suka taɓa ta. Nan ne amfanin cibiya ɗaya da kowa zai bi ta cikinta. Amma akwai masu wuce gona da iri ta ɗaya gefen, kamfani mai manhajoji uku ya je ya ɗauko lasisin da ake biya da dala duk shekara, alhali ƙaramin haɗi ya ishe shi. Wasu kuma su cusa dokokin kasuwanci cikin cibiyar, irin su rangwamen dila da lissafin kamisho, har ta zama wata manhajar da ba wanda ya san cikinta. Aikinta ta karɓa, ta juya saƙo zuwa sigar da mai karɓa ke ganewa, ta miƙa. Rangwame ya zauna a gidansa.

Ranar da sabis ya ɗauke

A nan nake gane wanda ya taɓa ƙonewa. Sabon shiga yana gina hanyar da komai ke tafiya daidai, ya gwada sau uku, ya ce an gama. Tambayar da ba ya yi ita ce: in na aika saƙo ban ji amsa ba fa? Rashin amsa bai nuna saƙon bai isa ba. Mai yiwuwa ya isa, an yi aiki da shi, amsar ce ta ɓace a hanyar dawowa. In manhajar ta sake aikawa kai tsaye, oda ɗaya ta zama biyu, ko a biya ɗan kwangila sau biyu. In kuma ba ta sake aikawa ba, wata rana oda za ta ɓace ba wanda ya sani sai kwastoma ya zo yana faɗa da rasit a hannu.

Maganin sananne ne, sakaci ne ke hana yin sa. Kowane saƙo ya fita da lambar shaida tasa shi kaɗai, mai karɓa kuma ya riƙa duba ko ya taɓa ganin lambar. In ya gani, ya amsa cewa ya karɓa amma kada ya sake aiki da shi. Saƙonni su bi ta layin jira, ta yadda in mai karɓa ya faɗi za su tsaya su jira shi maimakon su zube. In za a sake gwadawa, a riƙa ƙara tazara tsakanin gwaji da gwaji, kada a yi wa manhajar da ke ƙoƙarin tashi rubdugu. Saƙon da ya ƙi shiga bayan an gwada sau da yawa a ware shi gefe guda, kuma a sa mutum mai suna ya riƙa leƙa wurin kullum. Wannan na ƙarshen ne aka fi mantawa. Na taɓa buɗe irin wannan ma'ajiya na tarar da saƙonnin wata huɗu, ƙararrawar kuwa tana zuwa akwatin imel na wani ma'aikaci da ya bar aiki tun bara.

Wanda yake ganin abin ba zai same shi ba ya tuna 14 ga Maris, 2024, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni a Najeriya da Gana da maƙwabtansu suka shiga tsaka mai wuya na kwanaki. Ko ba wannan ba, ɗaukewar wuta da ta sabis abincinmu ne na kullum. Kuma duk kyawun haɗi, a ajiye tsohuwar al'adar nan ta akantoci: kowace safiya a kwatanta jimillar jiya ta ɓangarorin biyu, yawan oda da yawan kuɗi. In sun saɓa ko da ɗaya ne, a bi sawu kafin azahar.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Kamfanin alewa na Hershey a Amurka ya tayar da sabon tsari a tsakiyar 1999, inda ya haɗa manhajojin SAP da Siebel da Manugistics a lokaci guda, aikin da ya ci dala miliyan 112. An matse aikin wata 48 zuwa wata 30, sai tashin ya faɗo daidai lokacin da odar Halloween, bikin da ake sayen alewa sosai, ke kwararowa. Alewa na nan a rumbu, amma kamfanin ya kasa kai kaya na kusan dala miliyan 100. Duk mai sayar da sukari ko mai ko shadda ya san nasa lokacin: kada a kunna sabon haɗi ana saura mako biyu azumi, ko jajiberin sallah, ko ranar rufe lissafin wata. A fara da reshe ɗaya ko nau'in kaya ɗaya, tsohuwar hanya na tafiya a gefe, a kuma rubuta tun farko yadda za a koma baya in abu ya ƙi. Gwajin ma a yi shi da bayanan gaske masu datti, waɗanda ke da gurbi babu komai, da suna mai ƙ da ɗ da wasu manhajoji ke mayarwa alamar tambaya, da odar da aka soke bayan an biya, da kayan da aka dawo da rabinsu.

Tsaro kuwa, kuskuren kusan iri ɗaya ne ko'ina: asusu ɗaya mai cikakken iko da duk haɗe-haɗen ke amfani da shi, mabuɗinsa na yawo a WhatsApp. Kowane haɗi a ba shi asusunsa da iya izinin da yake buƙata, a canza mabuɗi duk lokacin da ma'aikaci ko ɗan kwangila ya tafi. Kada kuma a kwashi duk bayanan kwastoma a tura don kawai hanya ta buɗe. Direba suna da adireshi da lambar waya yake buƙata, ba ruwansa da lambar BVN. Tun 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan mutane, kuma kamfanin da ya tattara bayanan shi za a fara tambaya.

Saura ranar da ɗan kwangila zai miƙa aiki. Haɗi ba gini ba ne da za a gama a kulle ƙofa. Banki zai canza sigar ƙofarsa ta API, wato hanyar da wasu manhajoji ke bi su yi magana da tasa, takardar shaidar tsaro za ta ƙare a ranar da ba wanda ya rubuta, sashen ciniki zai ƙara sabon gurbi bai gaya wa kowa ba. Dole a samu wani a cikin gida da aikin ke wuyansa, da taswirar da ke nuna me ke tafiya daga ina zuwa ina, da kalandar ranakun ƙarewar lasisi da shaidu. Ni yanzu kafin in yarda a biya kason ƙarshe, sai in sa a cire wayar intanet da gangan ana tsakiyar aika oda, in nemi ɗan kwangila ya fita ya sha iska, in zaunar da ma'aikacin gida shi kaɗai da takardun da aka bar masa. In ya gano saƙon da ya maƙale, ya sake tura shi, oda ta fito guda ɗaya a sito, sai in sa hannu a takardar biya.